Yagen Rigar Sultana

Sunana Alegra, tela ce ni. Ƙofata da ta Sultana Wa'aknin suna kallon juna a hawa na uku na dogon benen nan mai ruwan toka da ke bayan kasuwar Kiryat Yam. Mun yi maƙwabtaka har furfura ta cim mana tare, kuma in ka cire shekara guda da zan ba ku labarinta, ban taɓa jin ƙarar sakatar ƙofarta ba.

Mijinta Arman kuku ne a jirgin ruwan dakon kaya. Gajere ne mai yawan dariya. Ya taɓa zamewa a kicin ɗin jirgi ya karye a ƙugu, tun daga nan tafiyarsa ta fita daban: ƙafar dama ta buga, ta hagu ta ja. Yana sa ƙafa a matattakalar ƙasa duk gidan ya san Arman ya dawo. Suna cikin ƙuruciyar aurensu, ba su ma haihu ba, jirginsu ya tsaya a Marsiliya, ya ce wa abokan aikinsa bari ya sauka ya sayo wa matarsa yadi. Jirgi ya dawo Haifa da akwatinsa, babu shi.

Bakin mutane kuwa bai huta ba. Wasu suka ce ruwa ya ci shi, wasu suka ce wata Bafaranshiya ce ta ci shi, wani ya rantse ya gan shi a Kanada yana sayar da burodi. Sultana ta yi ta zarya kotun malaman addininmu, amsarsu ɗaya ce kullum: babu gawa, babu shaida, babu takardar saki. Ba ta da damar yin aure, ba ta da damar yin makoki. Irinsu muna ce musu ɗaurarru.

Ta kama aiki a kicin ɗin wata makaranta, tana feren dankali har ta yi ritaya. Ba mace ce mai kuka a gaban mutane ba. Abu ɗaya ne ya nuna ciwonta. Kuna cikin hira, da ta ji taku a matattakala sai maganar ta tsaya mata a baki, kanta ya karkace, idanunta su fara hawa ɗaya bayan ɗaya tare da mai hawan. Sai ta tabbatar mai kawo iskar gas ne ko yaran hawa na huɗu, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba. Kowace Juma'a kuma tana dafa kifi mai barkono na mutum biyu don daren Asabar, ranar hutunmu ta ibada. Ran Lahadi ni ke cinye rabon Arman. Rabin teɓar nan tawa tasa ce.

Nisim mai kifi ya so ta, kowa ya sani. Ya yi ta zaɓar mata mai kyau yana rage mata kuɗi, har ya gaji ya auri wata, ta mutu, ya dawo ya ci gaba da zaɓar mata kifi. Ni kuwa ba na iya riƙe bakina.

"Ke Sultana," nakan ce mata, "mutumin nan ko yana raye, yanzu haƙoransa a kofi suke kwana. Ki zauna masa makokin kwana bakwai ki huta mana."

"Alegra, ki kiyayi bakinki," in ji ta. "Wanda ya yi makokin mai rai, shi ya kashe shi."

Haka muke har Osnat ta zo. 'Yar Tel Abib ce, siririya, gashi a yanke kamar na soja, tana shan taba kamar an aiko ta. Ta ce ita darakta ce, fim za ta yi, tana neman ɗakin da bai canza ba tun zamanin iyayenta. Ta leƙa nawa ta ga sabon firji, ta yi godiya. Ta leƙa na Sultana, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Labulen nan ne dai, rediyon nan ne dai, hular Arman na rataye a ƙusarta.

Na tambaye ta labarin fim ɗin. Ta ce wata mata ce mijinta ya mutu, ta zauna makoki kwana bakwai, ba wanda ya zo mata gaisuwa.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ba rawa? Ba mari? Ba wanda zai gano ashe ɗan attajiri ne?" Ni na tashi ne da fim ɗin Masar da ake sa mana a talabijin kowace Juma'a da la'asar, wanda za ka yi kuka har ka ƙoshi. "To wa zai biya kuɗi ya kalli tsohuwa tana zaune? Ga mu nan kyauta a kowace baranda."

Ta yi dariya har ta ƙware. Da farko ɗakin kawai take so, tana da 'yar wasanta. Amma suna cikin shan shayin na'a-na'a wani ya hawo matattakala, Sultana ta yi abin da ta saba. Na ga Osnat ta ajiye kofi a hankali tana kallonta. Washegari ta dawo ta ce ba ta son kowa sai ita.

Na zaci Sultana za ta kore ta da tsintsiya. Ba ta kore ta ba. Yarinyar ta zo mata ran Juma'a, ta zauna a kujerar da ba mai zama, ta cinye rabon Arman har da suɗe kwano, ta ce a ƙara. Gidan da ya yi shekara talatin da wani abu bai ji wannan kalma ba. Sultana ta yarda da komai na gidan makoki irin namu, a rufe madubanta da zanen gado, a fitar da kujeru a shimfiɗa katifa a ƙasa, a bar ƙofa a buɗe. Wannan ta ƙarshe ma dariya ta ba ta. Abu ɗaya ta ƙi, shi ne yaga riga da mai makoki ke yi a wurinmu.

"Inna, wasa ne fa," in ji Osnat. "Rigar ma ba taki ba ce, Gwaggo Alegra za ta ɗinka mana sabuwa."

"Da awon jikin wa za ta ɗinka?"

"Da naki."

"To ta wa ce?"

Kwana biyu ana wannan ja-in-ja. Daga baya Sultana da kanta ta ƙwanƙwasa min, fuskarta da murmushin wanda ya samo dabara. Ta ce ai miji ta dama ake yaga masa wuyan riga, iyaye kuwa ta hagu, saitin zuciya. "Zan yaga ta hagu. Nawa iyayen sun daɗe a ƙasa a Maroko, ba abin da zai ƙara samunsu. Ita yarinyar nan ina ta san dama da hagu? Ko ranar Asabar da addini ya hana tuƙi, mota take tuƙawa." Osnat kuwa da ta ji, ta ce ko ta baya ne a yaga, ita dai a yaga.

Na ɗinka rigar da yadin auduga mai ƙarfi, shuɗi mai duhu. Da safiyar ɗaukar fim na sa almakashi na ɗan tsaga wuyan ta hagu, kamar yadda mai wankan gawa ke fara wa mata a maƙabarta, don hannu ya samu inda zai kama. Mutanen Osnat suka cika ɗakin da fitilu da wayoyi. A ƙasa kuma, a bangon ƙofar shiga bene, suka manna takardar sanarwar mutuwa mai baƙin gefe, irin wadda ake mannawa a kowace unguwa. Sun rubuta sunan mamacin cikin fim, Me'ir Wa'aknin. Sunan gidan sun bar shi ne don yana jikin ƙofa da akwatin wasiƙa, sun ga ba sai sun sha wahalar canzawa ba.

Aka ce kowa ya yi shiru. Sultana tana tsaye a tsakiyar ɗaki, ni ina raɓe a kicin ina leƙe. Ta ɗaga hannu zuwa inda na tsaga. Yatsunta suka taɓa wurin, suka tsaya. Sai na ga hannun ya zame ya koma dama, inda ban taɓa ba, inda na ninka ɗinki biyu. Ta damƙa, ta ja. Ni na san yadin nan, ƙato ma sai ya yi nishi. Ya yage har ƙasan ƙirjinta, ƙarar ta cika ɗakin. Ta dubi hannunta kamar na wata, sannan ta zauna a katifa.

Ita kanta Osnat ta manta ta ce a tsaya.

Ba mu gama farfaɗowa ba muka ji taku a matattakala, ba na mutum ɗaya ba. Matan unguwa ne, kowacce da ƙunshinta, dafaffen ƙwai da zagayayyen burodi, abincin farko na gidan makoki. Sun ga takarda a ƙasa. Cikinmu kowane namiji yana da sunan titi da sunan da ake kiransa da shi a majami'a, ɗakin ibadarmu, ba kuma wanda ya tuna na Arman. Da suka ga Me'ir Wa'aknin, sai suka ce ashe wannan ne sunansa na majami'a, ashe labari ya iso. Suka hawo suka tarar da ƙofa a buɗe, madubai a rufe, Sultana a ƙasa da yagaggiyar riga. Me kuma ya rage? Wata tsohuwa ta faɗa kanta ta rushe da kuka.

Osnat ta ruɗe. "Ku yi haƙuri, fim ne, fim muke yi! A je a cire takardar nan!"

"Bar su," in ji Sultana, ba ta ko ɗago ba. "Bar takardar."

Da la'asar Nisim ya zo da maza daga majami'a, har suka cika goman da addu'ar mamaci ke bukata. Na tare shi a bakin ƙofa na raɗa masa gaskiya, na ce ba wani labari da ya zo, wasan sinima ne.

Ya leƙa ya kalle ta. "Wa ya yaga rigar? Ita ko kyamara?"

"Ita."

"Ta wane gefe?"

Na taɓa kafaɗata ta dama. Ya wuce ni ya shiga, ya gyara hularsa, ya fara addu'a, maza suna amsawa. Malamin unguwa da ya ji ya yi faɗa, ya ce wannan ba bisa ƙa'ida ba ne, a idon shari'a har yanzu matar aure ce. Amma aikin gama ya gama, kuma shi ma bai hawo ya tashe ta ba.

Kwana biyu Osnat ke bukata, Sultana ta zauna bakwai cur. Ba ta yi wanka ba, ba ta sa takalmi ba, ba ta canza rigar ba. Mutane suka yi ta zuwa suna ba da labarin Arman, yadda yake satar wa yara cakulan daga jirgi, yadda ya taɓa dafa wa unguwa duka kuskus. A nan na fara ganin hawayenta, a nan kuma na fara jin ta ce "yana da" ta gyara ta ce "ya kasance". Osnat ta nemi izini, ta bar kyamara ɗaya a lungu, ta kori sauran mutanenta. Fim ɗin da ba wanda ya zo ya koma fim ɗin da kowa ya zo.

Ran bakwai muka tashe ta, muka kewaya benen da ita kamar yadda ake yi, ta dawo ta shiga ɗakinta. Ina bakin keken ɗinki na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, ƙarfe mai tsatsa yana shiga raminsa da ƙyar. Sultana ta sa sakata. Na ajiye ɗinkin na yi kukan daɗi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda na fi so in tuna ta a ciki. Ta yi ƙiba. Ta bi motar tsofaffi zuwa ruwan zafi na Tabariya, ta dawo tana zagin abincin otal. Ta ba da akwatin Arman sadaka, ta sauke hular daga ƙusa. Kifin Juma'a ya koma na mutum ɗaya, wani lokaci na biyu in Nisim ya ga dama ya hawo da shi da kansa, ni kuma na rasa rabona ban yi ƙorafi ba. Kana iya yin hira da ita a hawo a sauka, ko gezau.

Sai Osnat ta aiko mota ta kai mu Haifa kallon fim ɗin. Muka yi kwalliya, aka zaunar da mu a gaba. Gaskiya ni barci ya fara ɗibata, don rabin sa'a ana nuna labule yana motsi. Wurin yagen riga kuwa ɗakin ya yi tsit, wata mata a bayanmu tana jan hanci.

Can wajen ƙarshe aka nuno wata tsakar rana cikin kwanakin bakwai ɗin. Masu gaisuwa sun tafi hutun rana, ni ma na tsallaka ɗakina. Sultana ce kaɗai a katifa, kyamara na kallonta. Sai kanta ya karkace. Daga nesa, can ƙasa, taku ya fara. Ɗaya ta buga, ɗaya ta ja. Ɗaya ta buga, ɗaya ta ja. Idanunta a majigi suna hawa tare da shi, hawa na farko, na biyu, na uku. Takun ya zo daidai bakin ƙofa ya tsaya. Ta ƙura wa ƙofar ido, ba mai shigowa. An daɗe a haka. Sannan takun ya juya, ya fara sauka, idanunta suna bin sa har ya ɓace.

Sultana ta riƙe min dantse, sai da na kwana uku da shatin yatsunta.

Aka kunna fitila, mutane suna tafi, suna juyowa suna kallonta. Ita kuwa ta ratsa su ta nufi Osnat.

"'Yar nan, wa ya hawo ranar?"

"Ba kowa, Inna." Osnat tana murmushi, ba ta gane ba tukuna. "Na'urarmu ba ta kama komai ba, shiru ne kawai. Daga baya muka sa takun a ɗakin haɗa sauti, don masu kallo su san abin da kike saurare. Wani mutum ne ya sa takalmi ya yi ta takawa a kan dutse."

"Wa ya gaya masa tafiyar mijina?"

Murmushin ya ɗauke. "Ba wanda ya gaya masa. Ni ma ban san tafiyarsa ba. Idanunki ya bi. Inda suka yi sauri ya buga, inda suka yi jinkiri ya ja. Inda suka tsaya ya tsaya, da suka sauka ya sauka."

Sultana ta gyaɗa kai a hankali. "Na ji shi ranar," in ji ta. "Na ce wa raina ƙarya ne, tunda na riga na yaga. Ashe ya zo."

"Inna, wallahi ba wanda ya zo!"

"Ya ga takarda a ƙasa. Ya hawo, ya gan ni a katifa da riga a yage ta dama." Ta juyo gare ni. "Kin san shi, Alegra, mutum ne mai kunya. Ba zai shiga makokin kansa ba."

Na yi mata faɗa a mota har muryata ta dushe. Na ce wani ƙato ne a Tel Abib da tsohon takalmi, an biya shi ya ci abinci ya manta. Na ce ƙofata na kallon taki, da ya zo ai da na ji. Ta ce, "Kekenki na aiki." Haka ne kuwa, yana aiki. Osnat ta bugo waya tana kuka, ta ce za ta cire takun daga fim ɗin. Sultana ta ce ta bar shi, cirewa ba za ta dawo da wanda ya juya ba. Na ji haushin yarinyar nan sosai, har yau ma ina ji, ko da yake na san ba mugunta ta nufa ba. Ta ba ƙawata shekara ɗaya ta hutu, ta karɓe abinta.

Da muka iso gida ban ji sakata ba. Washegari ta sa mai gyara ya kwance ta gaba ɗaya. Hula ta koma ƙusarta. Nisim ya hawo da kifi ran Juma'a, ta karɓa a bakin ƙofa, ta biya shi cikakken kuɗi, ta ce na mutum biyu. Ya gane, bai sake hawowa ba.

Sannan ta ƙwanƙwasa min da shuɗiyar rigar a ninke.

"Ɗinke min. Yadda ba zai gani ba."

"Sultana, yage ba ya ɓoyuwa. Ko wace tela ce."

"Ke dai gwada."

Na zaro zare daga cikin kalmasar rigar don launi ya zo ɗaya, na zauna a hasken taga ina bin saƙar yadin da ƙaramar allura, har idona ya yi ruwa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Duk da haka in haske ya bugo ta gefe, za ka ga layin ya sauko daga wuya zuwa ƙirji. Ita ce rigar da take sawa kowace Juma'a da yamma bayan ta kunna kyandir na shigar Asabar, ta ɗora mayafi a kafaɗar dama, ta ja kujera kusa da ƙofa.

Ta yi 'yan shekaru a haka. An ce fim ɗin ya je ƙasashe ya ciyo kyauta, an ce Turawa sun yi ta rubutu a kan idanunta. Ni ban sake kallonsa ba. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar Haifa, in na ji taku a matattakala ƙafata kan ɗaga daga keke da kanta, sai na tabbatar ko wane ne. Ina jin haushin kaina, amma na kasa bari.

Wata safiyar Lahadi na tsallaka karɓar rabon kifina, na tura ƙofa, na same ta a kujerar, kanta a karkace, jikinta ya yi sanyi. Ba ta da ɗa, ba ta da ɗan'uwa a ƙasar nan, ba wanda zai yaga mata riga. Ni na je wurin mai buga takardun sanarwa a kasuwa, don a manna a bangon nan dai na ƙofar shiga. Ya ɗauki biro yana tambayata.

"Sultana Wa'aknin. Matar marigayi wa za a ce, Gwaggo?"

"Matar Arman."

"Marigayi Arman," ya faɗa yana rubutawa.

Ni da na yi shekaru ina ce mata ta haƙura, sai na ji na dafe masa hannu.

"Goge marigayin nan," na ce. "Ƙila ya biyo ya karanta."